Ɗakin Da Ya Hana Labo Fili

In ka bi hanyar Gidan Rumji da kaka ka ga rumbu da jinka tsaf-tsaf, ko tsinke ɗaya bai leƙo ba, kada ka wahalar da kanka da tambaya, hannun Labo ne. Shekara arba'in ke nan yana wannan aiki a garinmu da ƙauyukan bakin gulbi. Ya yanko gamba ya saƙa zana, ya yanta shuci, ya ɗaure tsaiko, ya hau ya baibaye. Bagobiri ne dogo siriri, da zanensa a kumatu, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Aibinsa ɗaya, in har aibi ne: ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Na taɓa ganinsa ran Juma'a ya tsaya gyara dangar wani mutum da ba sa ga-maciji da juna, bai ankara ba sai da liman ya kusa sauka daga huɗuba.

Ni sunana Tahiru, amma Gardi kowa ke ce mini, don shekara ashirin da biyu na yi ina gadin lakol, wato makarantar bokon garinmu. Sunan garin kuwa ba zan faɗa ba, masu abin sun san kansu. Ni da Labo rana ɗaya aka yi mana kaciya, saboda haka in na ce na san shi, ba sanin shanu nake nufi ba.

Matarsa Tala, auren fari ne, kuma ita kaɗai ce. Ta haihu shida, biyu suka tsaya. Namijin ya tafi haƙar zinariya arewa shekara biyar da suka wuce, ko gaisuwa ba ta zo ba. Macen tana aure a ƙetaren iyaka, can inda su ma ba sa kwana gida saboda 'yan bindiga. Tala irin matan da ce masu kunya. Tun tana amarya nake shiga gidan nan, ban taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. In na yi sallama tana cin abinci, sai in ji ƙarar rufe kwano kafin in ji amsa.

Daminar da ta wuce, cikin watan takwas, aka yi ruwan da ya kwana uku bai ɗauke ba. Gulbi ya tumbatsa ya shigo unguwar gangare, gidajen ƙasa suka riƙa zaunawa ɗaya bayan ɗaya. Katangar ɗaki ta danne Tala a ƙugu. Aka kai ta likita Maradi, ta dawo da rai, amma ƙafafun ba sa ɗaukarta. Tun daga ranar komai sai an yi mata, wanka da kewayawa da juyi. Labo ne ke yi da hannunsa, bai yarda ko maƙwabciya ta taya shi ba, don ya san matarsa.

Gida sittin da uku aka zuba mana a lakol, aji shida. Sai ga manya cikin motoci kat-kat huɗu. Suka jera buhun shinkafa goma a gindin tuta, suka jawo wata tsohuwa suka ce ta dafa buhu ta kalli mai hoto. Wanda ya yi jawabi ya ce hukuma ba ta barci saboda halin da mutanen nan ke ciki. Ni dai na duba idonsa da kyau, ban ga alamar rashin barci ba. Da watan goma ya kama, lokacin komawar yara ya yi, sai takarda ta zo wa darakta cewa a ba su kwana uku su fita. Ina za su? Takardar ba ta kai nan ba. A ƙarshe aka nuna musu wani fili bayan kara, inda ake cin kasuwar dabbobi, bakin kwalta, aka ba kowane gida biyu tampol ɗaya su raba.

Kafin mako ya zagayo wurin ya zama abin da ya zama, leda da kwali da tsofaffin buhunan siminti, an ɗaɗɗaure da tsumma. Labo ya kwantar da Tala a gindin rabin tampol ɗinsa, ya dubi hanya, ya ga kowace mota ta wuce sai fasinja sun juyo. Ya ɗauki laujensa ya shiga daji. Kaka ce, gamba ta nuna. Cikin kwana goma ya tayar da ɗaki zagayayye, ya baibaye shi, ya kewaye da zana mai tsayin mutum, ya fitar da makewayi a kusurwa, ya juya ƙofa ta ba hanya baya. Ba don burgewa ya yi ba. Hannunsa ne bai iya aikin banza ba, ko da kuwa a kan juji ne.

Wata shida suna nan. Talaucinsu bai dami kowa ba, ganinsa ne ya dame su, don manya na bin kwaltar nan zuwa Maradi, kuma gilashin mota ba ya hana gani. Sai aka kafa kwamiti, mai suna wai Kwamitin Tsabtace Bakin Hanya da Sake Tsugunar da Waɗanda Ruwa Ya Yi wa Ɓarna. Kafin ka gama faɗin sunan shayinka ya huce. Shugabansa wani ne Maharazu, Mushe ake ce masa irin na 'yan boko, mai tumbi da bik uku na rubutu a aljihun gaba, wanda in zai ce maka ina kwana sai ya gyara murya kamar zai karanta labarai. Ɗan ƙasar nan ne, na san ubansa yana sayar da igiya a kasuwa, amma tun da ya yi wata uku a Yamai yake tambayar sunan dawo.

Aka yi shela cewa an yanka sabon wuri a kan tudu, gabas da gari. Duk gidan da ba shi da matsuguni za a ba shi fili nasa na kansa, da takarda. Misiyon, wato tawagar kwamitin, za ta zo ran Litinin ta ga kowa da idonta ta rubuta. Bayan nan katafila za ta share bakin hanya.

Ranar na ga haƙoran Labo, abin da na daɗe ban gani ba. Ya ce mini, "Gardi, in ni samu hili nau, ko taku ashirin na, sai in yi mata ɗaki na ƙasa. Ba mai sake ɗaga ta sai Wanda ya halicce ta." Abin da yake so a duniya ke nan, wurin da zai ajiye matarsa a rufe, ba mai cewa tashi.

Maƙwabcinsa a sansanin, Sanda, tsohon ɗan kamasho ne a tasha, ya ga jiya ya ga yau. Da ya ji misiyon na tafe sai ya ƙara yage tampol ɗinsa, ya kai akuyarsa da tukunya gidan wani, ya hana 'ya'yansa wanke fuska. Na yi masa dariya, na ce Sanda ba ka da kunya. Ya ce, "Gardi, kunya ba ta da lamba a takardarsu." Ran Lahadi da yamma kuma sai ga Labo a ƙofata.

"Gardi, ara mini rigarka ta Salla da darduma. Baƙi za mu yi."

Na ɗauko na ba shi, har da hula. Wannan laifina ne, kuma har gobe yana cina. Amma me zan ce? Haka aka tashe mu. Baƙonka annabinka. Ko gidanka ba ƙwayar hatsi, in baƙo zai zo sai ka share, ka yayyafa ruwa, ka ari tabarma, ka rufa wa kanka asiri. Wanda ya tari baƙo da kuka, mu a wurinmu ba ɗan mutunci ba ne.

Litinin da hantsi suka iso, mako biyu bayan ƙaramar Salla, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa. Mushe Maharazu na gaba yana toshe hanci da hankici, bayansa wata yarinya Farida, ma'aikaciyar kwamitin, riƙe da waya mai faɗin allo tana latsawa. Suka bi tantuna suna leƙawa daga nesa. Da suka zo wurin Labo sai suka ci birki. Ƙofa a share, ƙasa a jiƙe, darduma a shimfiɗe a inuwar zana, ga ruwan randa, ga ƙwaryar fura da ludayi biyu. Zakaransa ɗaya da ya tsira daga ruwa ya sayar ya sayi nonon.

"Marhabin da manyan baƙi. Bisimilla, ku zamna," in ji Labo.

Mushe Maharazu ya zauna, ya sha fura, ya ƙara. Farida ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara tambaya.

"Baba, kuna da wurin kwana?"

"Alhamdu lillahi, ɗiyata. Ga shi kina gani."

"In an yi ruwa yana yoyo?"

Nan fa ta taɓa shi. Ya ɗago kai. "Ɗakin da ni baibaye? Ko ɗigo."

"Abinci fa?"

"Ba mu kwana da yunwa ba."

Ni da ke tsaye na san kwana huɗu kunu suke sha da tafasa. Ta tambayi uwargida, ya ce tana ciki tana hutawa, jiki da sauƙi. Ba wanda ya ce bari mu duba ta. Mushe Maharazu ya tashi ya zagaya ɗakin yana shafa zana, yana cewa kai, kai, kai. Ya ce wannan shi ne dogaro da kai, da kowa zai yi haka da hukuma ta huta. Ya tsayar da Labo a ƙofa cikin rigata, ya dafa kafaɗarsa, aka ɗauke su hoto har kala uku. Labo ya raka su har bakin mota, ya dawo yana jin ya fita kunyar baƙi.

Duk wanda ya sha nono a ƙasar nan ya san abin da ya gani a ranar. Ya san rigar aro in ya gan ta, hannunta ma bai kai wa Labo wuyan hannu ba. Maharazu ya sani sarai. Amma sani aiki ne, kuma ba a biyansa don shi.

Mako na zagayowa aka manna sunaye a ƙofar buro, ofishin kwamitin. Shekara ashirin da biyu a bakin tagar aji ba ta tafi a banza ba, ina iya haɗa baƙi. Na bi da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi. Suna sittin da biyu. Sanda ne na huɗu. Labo babu.

Muka shiga ni da Labo. Mushe Maharazu na ƙarƙashin fanka yana sakace. Ya gane Labo nan take, har da murna.

"A'a, dattijon kirki! Ai kai ba ka cikin marasa matsuguni. Kai abin misali ne. Hotonka na shafin farko a rahoton da muka aika."

Labo ya ce, "To ranka shi daɗe, ɗakin za a bar min ke nan?"

"Wane ɗaki? Wancan ai gini ne ba bisa ƙa'ida ba, a filin hukuma. Ran Asabar katafila za ta bi ta kansa."

Ni ba ni da haƙurin Labo. Na ce, "Mushe, don girman Allah, abin nan gida ne ko ba gida ba ne?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wajen rabon fili gida ne. Wajen rusau kuma ba gida ba ne. Fayil biyu ne daban, kai ba za ka gane ba."

Gaskiyarsa, ban gane ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya kai ni karatun da zan gane. Na fara faɗa masa wanda ya haife shi da abin da yake sayarwa, sai jandarman ƙofa ya kama hannuna ya nuna mini hanya.

Muna fita Farida ta biyo mu da sauri, tana waige-waige. Yarinyar ba muguwa ba ce, takarda ce ta fi ƙarfinta. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni na latsa, amma abin da kuka faɗa na latsa. Ran Alhamis za mu sake biyowa ta nan. Su abin da ido ya gani suke rubutawa. In suka tarar da ku a fili ba rufi, ga marar lafiya a kwance, ba yadda za su yi."

Alhamis ranar kasuwar garinmu ce, kuma sansanin na bayan kara. Ma'ana duk mai saniya da mai akuya da ɗan kabu-kabu na ƙasar nan ta gabansu zai bi. Labo ya kwana biyu yana juya maganar Farida. Ran Laraba ya faɗa wa Tala. Ina daga bayan zana na ji ta ce, "Yadda ka gani, Malam."

Da sassafe ran Alhamis na je na tarar ya fara. Bai sa wuƙa ba. Ƙulli-ƙulli yake kwancewa, yana naɗe igiya a gwiwar hannu. Muka sauke jinka mu huɗu, da maƙwabta biyu, ya naɗe zana ya jingine, ya tuge dirkoki ya jera. Sannan ya ɗauko Tala ya kwantar da ita a tabarma, a fili fetal, taku goma daga kwalta. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Mutane na wucewa suna tsayawa. Matan da ta yi shekaru tana dama musu fura in sun je gidanta suka riƙa sunkuyar da kai. Yara suka yi da'ira sai da na kore su. Wani baƙon mahauci da bai san su ba ya jefa sadaka a kan tabarmar, ta faɗi kusa da ƙafarta. Labo ya kalli abin, bai taɓa ba, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Rana ta take, ya tsaya a kanta yana yi mata inuwa da jikinsa, yana juyawa yadda rana ke juyawa. Tun hantsi ta ƙi shan ruwa, kuma na san dalili, ba inda za a kewaya da ita. Azahar ta wuce. Na ga tana murƙususu a ƙarƙashin mayafi, tana cije baki.

Sai goshin la'asar motar ta tsaya. Gilashi ya sauka, sanyin ciki ya bugo mu. Mushe Maharazu bai fito ba. Idonsa ya tsallake tabarmar da wadda ke kanta, ya sauka a kan zanan da aka jingine.

"Madalla, dattijo! Ka bi doka da kanka, ka hutar da katafila. Yauwa, zanan nan naka. Jibi za mu yi bikin buɗe sabon wuri, muna son rumfa mai kyau ta manyan baƙi. Direba zai zo ya kwasa."

Labo ya matsa ya durƙusa a gefen mota, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai a salla. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ga mu a hili. Ga maras lahiya. A rubuta mu."

Sai a lokacin ya kalli tabarmar, kallo ɗaya. "Ayya, Allah ya sawwaƙe. Ai yau zagayen shirin biki muke, an rufe sunaye. Amma wata misiyon za ta zo bayan biki ta duba koke-koke. Ku zauna haka yadda kuke, kada ku tayar da komai. In ta zo ta ga ɗaki, ba ruwana."

"Yaushe za ta zo?" na ce.

"In an sa hannu."

Farida na kujerar baya, ta sunkuyar da kai tana kallon cinyarta. A nan ne Tala ta yi magana. A iya sanina da ita ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban maza ba, amma wannan kowa ya ji.

"Malam, ruhe ni. Na yahe hilin."

Labo ya miƙe. Bai ƙara kallon motar ba. Ya ɗauki dirka ya mayar a raminta, ya ce, "Gardi, riƙe." Na riƙe. Ya warware zana ya zagaye ta da ita tun kafin ya ɗaure, ya shiga da buta. Maharazu na ta faɗin wani abu game da doka da rashin godiyar talaka, har gilashi ya hau ya yanke masa magana. Da direban ya dawo kwasar zana washegari, ya tarar da Labo zaune a ƙofa yana wasa lauje. Ya yi sallama, ya ce ashe hanya ya ɓata.

Asabar tun kafin katafila ta iso muka ɗora ɗakin da Tala a amalanke. Wani manomi, Jaye, wanda Labo ya daɗe yana yi wa jinkar rumbu, ya ara masa kusurwar gonarsa, amma ya faɗa masa gaskiya, gonar ke nan gare shi, ranar da ruwan shuka ya sauka sai a tashi. Biki kuwa an yi shi, da makaɗa da lemo. An rataye wani ƙaton ƙyalle a bayan manyan baƙi, da hoton Labo a ƙofar ɗakinsa cikin rigata, Maharazu dafe da kafaɗarsa. Misiyon ɗin koke-koke har yau ana neman wanda zai sa hannu.

Bana ruwa ya yi jinkiri. Watan shida ya raba, sama fes, iri na cikin buhu, mutane sun fara tsorata. Ran Juma'ar da ta wuce liman ya ce a fita roƙon ruwa. Gari ya fita kaf, har da dabbobi. Ina sahu ɗaya da Labo, Jaye na gabanmu ya ɗaga hannu yana hawaye. Liman na roƙo, Allah Ka ba mu ruwa, Allah Ka jiƙa mana ƙasa. Na saci kallon Labo. Ruwan nan in ya sauka, matarsa ba ta da wurin kwana. In bai sauka ba, mutumin da ya rufa masa asiri ba shi da abinci. Na ɗauka zai yi shiru, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba. Sai na ji ya ce amin, da ƙarfi, har sau uku.

Da la'asar gabas ta haɗe. Na bi ta gonar Jaye na same shi ya fitar da 'yan kwanukansu ya ɗaure a buhu, yana tsaye yana kallon hadarin.

Na ce, "Ina za mu kai ta, Labo?"

Ya ce, "Ban sani ba, Gardi. Je ka aro muna amalanke."